Fankar Da Ke Tashi Da La'asar

Litinin, da hantsi

Likita ta ce in riƙa rubutu. Na ce mata ai aikina ke nan, daga safe har yamma. Ta ce ba irin wanda kwamfuta ke karantawa ba, irin wanda mutum ke yi wa kansa. To ga shi na sayi littafi, ban kuma san abin da ake so in ce ba.

Tsoho yana gidan yayansa tun satin da aka sallamo ni daga asibiti. Haka kowa ke kiran mijina a wurin aiki, har ni bakina ya saba, alhali ko furfura ɗaya ba shi da ita. Da zai fita ya ce kwana biyu zai yi, kansa ya huce. Ya ɗauki ƙaramar jaka, ya bar silifas ɗinsa a ƙofar banɗaki. Kullum sai na yi tuntuɓe da su, na kuma ƙi ɗagawa.

Ba ya kira. Ni ma ban kira ba, kada in fara yi wa littafi ƙarya tun shafin farko.

Litinin, bayan la'asar

Fankar ta tashi.

Laraba, da azahar

Umma ta zo da kwanukan abinci kamar gidan mutum goma ne. Ta share falon da na riga na share, ta sake jera kofunan da na jera. Sai na ga ta nufi ɗakin ƙarshe, wanda muka yi wa fenti ruwan ɗorawa. Na ce, "Umma, bar ɗakin nan." Ta ce kaya kawai za ta kwashe don kada in riƙa gani. Ta leƙa, ta ce, "Wannan tsohon akwatin da ke cin wuta dare da rana fa? Bari in kashe shi."

Ban san na yi ihu ba sai da na ga fuskarta.

Dole na zaunar da ita na yi mata bayani, ita da ko saƙon waya sai an karanta mata. Na ce, Umma, duk abin da kike gani a fuskar kwamfuta, rubutu ne, hoto ne, 'yar kibiyar nan mai yawo ce, akwai manhajar da ke zana shi. Manhajar nan iri biyu ce yanzu, tsohuwa da sabuwa. Mu aikin ƙungiyarmu harhaɗa manhajoji ne, mu ɗaure su ƙunshi-ƙunshi, mutane su sauke su sa a kwamfutocinsu. Masu sababbin kwamfutoci sabuwa suke so. Masu tsofaffi kuwa, in aka ba su sabuwa, baƙin allo kawai za su gani. Shi ya sa duk abin da muka gina sai mun gina shi sau biyu, mun gwada shi sau biyu. Ni ke riƙe da sabuwa, shi ke riƙe da tsohuwa, a nan ya samo sunan. Wancan akwatin, tsohuwar kwamfuta, shi kaɗai ya rage mana da ake gwada tsohuwa a kansa. Daga inda yake yakan shigo cikinsa ta intanet ya sa shi aiki, in ya shigo kuma fankar cikin akwatin takan tashi da ƙara, har kicin ana ji.

Umma ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Wato kullum yana shigowa gidan nan, amma ta waya."

Na ce eh.

Ta ce, "Allah ya kyauta. Mu a zamaninmu da ƙafa ake shigowa." Ta tashi ta zuba mini abinci, ta tsaya a kaina har na ci rabi.

Alhamis, bayan la'asar

Ta tashi. Na bar wanke-wanke na zo na tsaya a bakin ƙofar, ban shiga ba. Gwajin ba ya wuce a tafasa ruwan shayi, daga nan sai ta lafa.

Na duba, babu wanda ya taɓa tsohuwa a satin nan, ko waƙafi ba a canza ba. Babu dalilin yin gwaji. Jiya ma babu.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya na safe

Taron mako. Kowa daga ɗakinsa, fuskoki jere a allo. Gurbin Tsoho baƙi, sunansa kawai. Mai Agogo, shugabanmu, wanda ko gaisuwa sai ya duba lokaci, ya yi mini ya jiki, ya ce an yi kewata, bai bari na gama amsawa ba ya shiga magana. Wai lokaci ya yi da za a sauke tsohuwa, a daina aiki da ita. Waɗanda suka ƙirƙire ta tuni sun daina gyara ta, mu kaɗai muke ta liƙa mata faci. Injinan da ke gina manhajojin suna ninka aiki saboda ita. Duk ɓarakar da ta ɓullo, kafin a gano ta tsohuwa ce ko ta sabuwa an ɓata kwanaki. Yana so fitowar manhajojinmu ta gaba ta zo da sabuwa kaɗai. Za a kaɗa ƙuri'a nan da sati biyu.

Gaskiya ya faɗa. Abin haushin ma, ni na fara kawo maganar nan bara, har da zane-zanena, ina ta cika baki. Ranar Tsoho ya ɗaure mini fuska har muka kwanta, da safe ya kawo mini shayi ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, mai kashe tsofaffi."

Mai Agogo ya ce in ƙuri'a ta wuce ni zan rubuta facin cirewa, wato gyaran da zai cire tsohuwa, tunda sabuwa tawa ce, Tsoho ya duba ya sa hannu. Dokarmu ke nan tun asali, ba abin da ke shiga sai da hannu biyu, na mai rubutawa da na mai dubawa. Shekarun nan duk abin da na rubuta shi ke dubawa, nasa kuma ni. A haka ma muka san juna. Ya daɗe yana jan layi a ƙarƙashin kurakuraina kafin ya san kalar fuskata.

Na jira ya buɗe makirfo ya yi musu irin borin da ya saba in an taɓa masa tsohuwa. Bai buɗe ba. Mai Agogo ya ce, "Tsoho, kana ji?" Ya rubuto, "Ina ji."

In aka sauke tsohuwa za a kashe akwatin. In aka kashe akwatin, ban san ta inda zai ƙara shigowa gidan nan ba.

Talata, da safe

Ban runtsa ba. Ba zan rubuta dalili ba, likita ta yi haƙuri.

Laraba, bayan la'asar

Yau na shiga.

Ɗan gadon katakon yana nan jingine da bango cikin ledarsa, ba a haɗa ba. Na ba shi baya na zauna a ƙasa gaban allon. Fankar ta tashi, kibiya ta fara yawo ita kaɗai, tagogi suna buɗewa suna rufewa a allon. Ja, kore, shuɗi. Layuka a tsaye, layuka a kwance. Rubutu manya da ƙanana. Na haddace jerin nan. Na san abin da ke zuwa a ƙarshe, kuma ban tashi ba.

Gwajin toka muke ce masa. Ana buƙatar hoto mai duk matakan duhu da haske, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, a ga ko tsohuwa tana bambance su. Da can hoton wani dutse ake sawa. Ranar da muka dawo daga sikanin cikina na wata biyar, Tsoho ya ɗaga takardar a hasken taga ya ce, "Kai, kin ga toka! Wallahi babu hoton gwajin da ya kama ƙafar wannan." Na ce masa ya zare. Ya yanke gefen da sunana yake, ya sa hoton a madadin na dutsen, ya turo mini in duba. Na sa hannu ina dariya har da riƙe ciki. Ya ce yaron nan tun bai fito ba ya kama aiki, kuma ba zai nemi hutu ba. Babu wanda ya sani sai mu biyu. Mai Agogo har yau hoton gajimare yake ce masa.

Ya fito. Goshi, hanci, hannu ɗaya kusa da baki. A ƙa'ida hoton ɗan tsayawa yake yi ya wuce. Yau ya tsaya, ya tsaya, ya tsaya. Daga can aka riƙe shi.

Abu ɗaya muke kallo ni da shi, bai kuma san ina nan ba. Na toshe bakina da mayafi don kada in yi ƙara, sai ka ce zai ji.

Alhamis, da azahar

Na tura masa faci. Ba wani abin kirki ba ne, ɗan gyara ne da zai sa manhajar buga takardu ta yi aiki da tsohuwa da sabuwa ba sai an raba ta biyu ba. Ya amsa, "Na duba. Ya yi." Na karanta, na rufe, na sake buɗewa.

Juma'a, da hantsi

Wani facin. "Na duba. Ya yi."

Asabar, da yamma

Yau da gangan na bar kuskure, ƙato, wanda ko ɗan koyo zai gani. Na sa ƙunshin ya nemi sabuwa a inda ya kamata ya nemi tsohuwa. Da can in na yi irin wannan, shafi guda yake rubuto mini, da tsiya, da "ranki ya daɗe, barci ake ko aiki?" Na zauna na tasa allo a gaba ina jira, ni da girmana.

Ya gyara da kansa, ya sa hannu. "Na duba. Ya yi."

Kai, mutumin nan! Wallahi da yana kusa sai na jefe shi da silifas ɗinsa.

Lahadi, wajen la'asar

An ɗauke wuta tun safe, batirin gida ya yi ta kuka har ya mutu. Ina kallon agogo, la'asar tana matsowa. Na je na buga wa maƙwabcinmu mai walda ƙofa, na roƙe shi ya jawo mini wuta daga janaretansa. Ya ce, "Firji ne, Malama?" Na ce eh, firji ne. Yana cikin warware igiyar wutar, wayata ta yi ƙara.

"Injin ya mutu?"

Saƙonsa na farko a wayata tun da ya fita. Babu ya jiki, babu kina lafiya. Injin, wato akwatin.

Na rubuta, "An ɗauke wuta. Yanzu zan tayar."

"To. Na gode."

Sai alamar yana rubutu ta fito. Ta ɓace. Ta sake fitowa, ta daɗe, ta ɓace. Ina tsaye da igiya a hannu ɗaya, waya a ɗaya, mai walda yana ta tambayata wai ba can kicin yake ba, me ya sa nake jan wuta ɗakin ƙarshe.

Babu abin da ya iso. Naman da ke firji ya lalace, na zubar da shi.

Talata, da hantsi

Umma ta bugo. Ta ce za ta sa Kawu ya je ya same shi, abin ya isa haka. Na ce kada wanda ya je. Ta ce, "To ke kin faɗa masa wata magana ne?"

Ban faɗa masa komai ba, abin ke nan. Yana wani gari ranar, taron shekara na ƙungiya. Tsohuwa ta ƙi tashi ana gobe fitarwa, suka kulle kansu a ɗaki suna fama da ita, ya kashe waya. Na kira, na kira, na kira. Matar mai walda ce ta kai ni asibiti da naƙuda. Kafin ya samo mota ya iso washegari, su Kawu sun gama komai, an kai jaririn makwancinsa. Ya shigo ɗakin asibiti ya tsaya daga bakin ƙofa, ni kuma na juya fuskata bango, don ba ni da ƙarfin kallon kowa, ba shi kaɗai ba. Ban san abin da ya karanta a bayana ba.

Ba zan sake rubuta wannan ba.

Alhamis, da yamma

Kwana biyu ina tara hujjoji. Akwai wani malamin makaranta da ke turo mana ƙorafi duk fitowa, yana da ɗaki guda na tsofaffin kwamfutoci da wata ma'aikata ta zubar ya kwaso. In muka sauke tsohuwa, ɗalibansa baƙin allo za su gani. Akwai masu shagunan buga takardu, akwai wani ɗakin karatu. Na nuna yadda za a rage aikin gini, a ware tsohuwa gefe guda, mai so ya ɗauka, a daina gwada ta sai in an taɓa ta. Na goge wannan na ƙarshen, don in aka daina gwaji fankar ba za ta tashi ba.

Duk gaskiya ne, malamin yana nan, ɗalibansa suna nan. Amma Allah ya sani ba don su nake yi ba, kuma ina jin kunyar malamin.

Asabar, bayan la'asar

Ta tashi. Na shiga na zauna. Ya riƙe hoton. Na ce masa sannu, a fili, ni kaɗai a ɗaki. Ban san da wanne daga cikinsu nake ba.

Litinin, da azahar

An yi taron.

Na yi magana har muryata ta dushe. Da na gama Mai Agogo ya cire tabarau ya ce, "Malama, ba ke ce bara kika ce tsohuwa ta zame mana ƙarfen ƙafa ba?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na ce na canza ra'ayi, ko haramun ne? Na ce in nauyi ne ni zan ɗauka, in riƙe sabuwa in riƙe tsohuwa. Ya ce ko na ɗauka sai da hannu na biyu, kuma duk ƙungiyar nan mutum ɗaya ne ya san cikin tsohuwa. Ya ce, "Tsoho, me ka ce?"

Ya buɗe makirfo. Rabona da muryarsa tun ranar jakar nan. Ta shaƙe, kamar mai mura.

Ya ce, "A sauke ta."

Mai Agogo ya ce, "Ka tabbata? Kai fa ka raine ta."

Ya ce, "Na tabbata. Ta ci mini abin da ya fi ta. In an gama cirewa ni ma zan ajiye, a nema wa Malama wani mai dubawa."

Malama. A gaban mutane ya ce mini Malama, kamar yadda mai walda ke cewa.

Aka kaɗa ƙuri'a. Hannu ɗaya ne ya tashi don a bar ta, nawa. Na riƙe shi a sama har bayan an gama ƙirga, sai da wata ta rubuto mini a gefe cewa in sauke, an wuce wurin. Na kashe kyamara. Ni da na zaci shi zan taya faɗa, ashe ni kaɗai ce a filin. Zuciyata ta karye yau, ban san wata hanyar faɗinsa ba.

Litinin, bayan la'asar

Duk da haka ta tashi.

Talata

Ban tashi daga gado ba sai don salla.

Laraba, da yamma

Na rubuta facin cirewa. Abin da aka yi shekaru ana ginawa, yini ɗaya ya ishe ni rushewa. Ƙunshi bayan ƙunshi nake buɗewa, duk inda aka ce in tsohuwa ce yi kaza, in sabuwa ce yi kaza, in goge rabin farko. A tsakanin layukan akwai 'yan bayanan da yake bari don mai zuwa. "Kada ka taɓa nan, ni ma ban san dalilin da yake aiki ba." "Madam ta ce wannan ƙazanta ne, tana da gaskiya, amma yana aiki." Ni ce Madam ɗin. Na goge su duka. Abin da aka goge da ja yake fitowa a allon dubawa, shafin nan kuwa ja ne daga sama har ƙasa.

Na zo kan gwaje-gwaje. Na goge na launuka, na goge na layuka, na goge na rubutu. Saura na toka. Na ɗora yatsa, na ɗauke. Na je na sha ruwa na dawo. Na tura facin haka nan da shi a ciki.

Alhamis, da safe

Ya amsa. Ba "ya yi" ba ne yau.

"Kin bar fayil ɗaya."

Na rubuta, "Na sani."

Bai sa hannu ba, bai kuma goge da kansa ba, shi da ya iya gyara mini kuskure ba tare da ya ce uffan ba. Can sai ga Mai Agogo ya faɗo tsakaninmu, don shafin dubawa kowa yana gani. Ya rubuta, "Haba jama'a, hoton gajimaren nan ne kawai ya rage. Ɗayanku ya share mu wuce, gobe da yamma nake rufewa."

Ba laifinsa ba ne, bawan Allah, bai sani ba. Na rufe laftop na shiga banɗaki na sakar wa kaina ruwa, da kayana a jiki.

Alhamis, bayan la'asar

Ta tashi, ta daɗe ba ta lafa ba. Ban shiga ba yau, na bar masa shi.

Juma'a, bayan magariba

Ya zo.

Ana idar da la'asar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Da makullinsa a aljihu ya tsaya yana ƙwanƙwasawa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemu ya cika masa fuska. Ya ce, "Sannu da gida." Na ce, "Sannu da zuwa." Na kawo masa ruwa a kofin baƙi, ban san me ya sa ba, ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ya zo ne ya yi gwajin ƙarshe da hannunsa. Da za mu wuce ya yi tuntuɓe da silifas ɗinsa, ya tsaya yana kallonsu.

Ya daɗe a ƙofar ɗakin kafin ya shiga. Bai kalli gadon ba. Muka zauna a ƙasa, ya jawo tsohon kibod ɗin nan mai ƙara ya ɗora a cinya. Fankar ta tashi. Ja, kore, shuɗi. Layuka. Rubutu. Da hoton ya fito ya danna ya tsayar da shi.

Muna zaune. Ina jin numfashinsa.

Ya ce, bai juyo ba, "Da wa ya yi kama?"

Duk watannin nan babu wanda ya tambaye ni. Kowa cewa yake in manta, in yi haƙuri, Allah zai ba da wani. Na ce, "Da kai. Goshin nan naka ne, da hancin. Kunnuwan nawa ne, 'yan ƙanana. Yana da gashi, da yawa, baƙi, a kwance. An ba ni shi na riƙe. An naɗe shi a farin tawul, ƙafa ɗaya ta fito, na mayar masa."

Ya kifa kansa a kan kibod ɗin, haruffa suka yi ta zuba a allo. Ban taɓa jin namiji yana irin kukan nan ba. Na riƙe masa wuya, ƙasusuwa kawai. Na ce, "Ba don kai na juya baya ba ranar." Ya ce, "Na sani. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi."

Na ce, "Ka dawo gida." Haka na faɗa, ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Ni kaɗai ce a nan, na gaji, ina son mijina."

Ya goge fuska da hannun riga. Ya ce, "Duk inda na duba a gidan nan, ke nake gani kina kira, wayata a kashe. Ban iya ba tukuna. Ban san ko zan iya ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Da ma ya yi mini ƙaryar. Wallahi da na karɓa.

Na tashi na ɗauko jakar asibitin daga saman wardirob, wadda ban buɗe ba tun da na dawo. Takardar sikanin tana aljihun gefe. Na ba shi. Ya ce a'a, tawa ce. Na ce, "Ni na ga fuskarsa. Kai riƙe wannan." Ya sa ta a aljihun gaba, ya dafe.

Na ɗauko laftop na goge fayil ɗin, yana zaune kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Na miƙa masa. Ya bi facin tun daga sama, layi-layi, bai tsallake ko ɗaya ba, don shi ko duniya za ta tashi ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Da ya zo kan "Madam ta ce wannan ƙazanta ne" ya ɗan yi wani sauti ta hanci. Sannan ya rubuta, ina kallon yatsunsa. "Na duba. Ya yi."

Shi ya kashe akwatin. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ban taɓa sanin ɗakin nan yana da shiru haka ba.

Ya tafi kafin a kira magariba. Bai ɗauki silifas ba, bai kuma ajiye makulli ba. Ban sani ba ko wannan wani abu ne, ko mantuwa ce kawai.

Asabar

Mai Agogo ya turo wa kowa saƙon godiya, da hoton tafi. Ya haɗa ni da sabuwar mai dubawa. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ta daɗe tana son aiki da ni. Na rubuta wa malamin makarantar na faɗa masa gaskiya, na nuna masa yadda zai ci gaba da fitowar da yake kai har iya inda za ta kai shi.

Lahadi, bayan la'asar

Umma ta zo tun azahar. Ta lura akwatin a kashe yake, ta ce, "Alhamdulillahi, an huta da gurnanin nan." Na ce eh, an huta.

Da aka yi la'asar ina wanke-wanke, sai na ga hannuna ya tsaya cikin ruwa. Ina saurare. Mota ta wuce, mai walda yana yankan ƙarfe, wani yaro yana kuka a can nesa. Na ɗauraye hannu, na ɗauko fankar tsaye ta falo, na kai ta ɗakin ƙarshe na kunna, na jawo ƙofa. Ba irin ƙarar ba ce, wannan ta fi taushi, amma har kicin ana ji.

Umma ta fito daga banɗaki da buta a hannu, ta ji. Ta ce, "Wa ya bar fanka a ɗakin da ba kowa?" Ta nufi ƙofar, ta kama mariƙin. Sai ta juyo ta kalle ni.

Ta saki ƙofar. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ɗauki tawul, ina wankewa tana gogewa.